Yadda Ake Kafa Girgije Ɗaya Da Zai Ɗauki Sassa Da Yawa A Cikin Ma'aikata Guda

Zariya gari ne na manyan cibiyoyi, kuma kowace babbar cibiya tarin ƙananan hukumomi ce da ke ƙarƙashin inuwa ɗaya. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da harabar Samaru da ta Kongo, ga cibiyar binciken aikin gona, ga ta binciken dabbobi a Shika, ban da asibitin koyarwa da kwalejoji da cibiyoyin bincike na tarayya da ke warwatse daga Basawa zuwa Palladan. A duk ma'aikatar da ta kai wannan girma, ofishin kuɗi na buƙatar sabar, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, da zai riƙe lissafin albashi, ofishin jarrabawa na buƙatar rumbun bayanai na sakamakon ɗalibai, ɗakin karatu na da nasa kundin, masu bincike kuma suna neman injuna masu ƙarfi na ɗan lokaci. Girgije, wato hayar ƙarfin kwamfuta da ma'ajiya ta hanyar intanet ko tara su wuri guda ana rabawa gwargwadon buƙata, yana iya biyan waɗannan buƙatu duka, muddin an tsara shi yadda kowane sashe zai yi aikinsa ba tare da ya taka na wani ba.

Tsarin ya yi kama da gidan haya a Samaru: gini ɗaya ne, ƙofar waje ɗaya, amma kowane ɗan haya yana da makullin ɗakinsa, kuma zaman lafiya yana ɗorewa ne idan kowa na da mitar wutarsa. Saboda haka kowane sashe da aka ba wa wuri a girgijen za mu kira shi ɗan haya. Abin da ya sa aikin ya fi wuya a cikin ma'aikata guda fiye da a kamfanin da ke sayar wa baƙi shi ne sanayya. Kowa ya san kowa, ana salla a masallaci ɗaya, ana haɗuwa a wurin ɗaurin aure, don haka sai a ji nauyin hana abokin aiki izinin da ya roƙa, a bar iyakoki a bisa amana. Ra'ayina shi ne amana ba ta hana kuskure, kuma mafi yawan ɓarnar da ake yi a irin wannan tsari mutanen kirki ne ke yin ta cikin gaggawa. Dole iyakar ta kasance a cikin na'ura, kuma a kafa ta kafin ɗan haya na farko ya shigo.

Wane ne ɗan haya

Kafin a buɗe asusun girgije ko ɗaya, a zauna da shugabannin sassa a amsa tambayoyi uku a kan kowane aiki da ake son ɗorawa: daga wane kasafi za a biya kuɗinsa, wa ke da alhakin bayanan da ke cikinsa idan suka fita, kuma wa ke da hurumin cewa wane ya shiga wane kada ya shiga. Inda amsoshin ukun suka faɗa kan ofishi guda, an sami ɗan haya guda. Inda suka rarrabu, alama ce cewa ayyuka biyu ne aka cakuɗa, kuma gara a raba su tun yanzu. Kada a kwafi jadawalin shugabancin ma'aikata kai tsaye, domin ana raba tsangaya gida biyu, ana haɗe sassa, shugabanni na sauka idan wa'adinsu ya cika, alhali rumbun sakamakon ɗalibai yana nan shekara da shekaru. Aikin bincike mai tallafin kuɗi na kansa ɗan haya ne mai zaman kansa ko da mutum uku ne kawai ke yin sa, tunda mai bayar da tallafin zai nemi lissafinsa daban, kuma yana da ranar ƙarewa.

Sakamakon wannan zama shi ne rajista guda, wadda ke ɗauke da sunan kowane ɗan haya, muƙamin wanda ke da alhakinsa da na mataimakinsa, lambar kasafinsa, da darajar sirrin bayanansa. Daraja uku sun wadatar: na kowa da kowa, na cikin gida, da masu tsananin sirri kamar bayanan marasa lafiya da albashi da takardun jarrabawa. Duk abin da ba ya cikin rajistar nan ba shi da wuri a girgijen.

Inda za a kafa katangar

Nan ne aka fi yin kuskuren da ke da wuyar gyara. Kowane babban kamfanin girgije yana da wani ma'auni da shi ne iyakar gaske, wanda izini da lissafin kuɗi da kason albarkatu duk suke tsayawa a bakinsa. A AWS, girgijen kamfanin Amazon, asusu ne, kuma ana tara asusai a ƙarƙashin AWS Organizations. A Azure, girgijen kamfanin Microsoft, rajistar biyan kuɗi ce da ake jerawa a ƙarƙashin rukunonin gudanarwa. A Google Cloud kuwa abin da suke kira project ne, wato aiki, da ake sanyawa a cikin manyan jakunkuna. Wanda ya gina nasa girgijen da manhajar OpenStack zai sami irin wannan a ɓangarenta mai kula da shiga da izini, wato Keystone, inda ake ware wa kowane sashe aikinsa da masu amfaninsa. Shawarar ita ce kowane ɗan haya ya sami nasa a wannan mataki, kuma ya sami biyu: ɗaya na aikin gaske da jama'a ke dogaro da shi, ɗaya na gwaji. Buɗe ƙarin asusu a waɗannan kamfanoni ba ya cin kuɗi, abin da aka kunna a ciki ne ake biya. Wasu kan zuba kowa a asusu ɗaya su ce za su raba mutane da dokokin izini da laƙabi, kuma hakan na tafiya na 'yan watanni, har ranar da dokokin suka yi yawan da babu mai iya karanta su ya faɗi da tabbaci wa ke iya goge me.

Bayan asusan 'yan haya, akwai huɗu da na ma'aikata ne baki ɗaya. Na farko shi ne uwar asusai, inda ake biyan kuɗi kuma ake kafa dokoki, kuma kada a ɗora wani aiki a cikinsa ko da shafin sanarwa ne, domin a AWS dokokin hani da ake shimfiɗa wa sauran asusai ba sa hawa kansa. Na biyu na tara bayanan abin da aka aikata ne, na uku na hanyoyin sadarwa, na huɗu na ayyukan tarayya kamar kundin sunayen ma'aikata. Sai a jera 'yan haya rukuni-rukuni bisa irin dokar da ta dace da su: rukunin aikin gaske, rukunin gwaji, rukunin masu tsananin sirri, da wani na asusan da aka dakatar. AWS na barin a yi rukuni cikin rukuni har hawa biyar, Azure har shida, amma hawa biyu ko uku sun ishi kowace ma'aikata a garin nan, kuma duk hawan da aka ƙara yana ƙara wahalar gano inda wata doka ta fito.

Akwai masu tambaya ko Kubernetes, tsarin da ke rarraba manhajoji a kan gungun injuna, shi kaɗai zai wadatar, a ba kowane sashe fili mai sunansa a cikin gungu ɗaya. Yana wadatarwa ga ƙananan ayyuka masu daraja ɗaya, kamar shafukan sassa da mujallun tsangayoyi, kuma yana rage kuɗi sosai tunda injuna kaɗan ne ke ɗaukar kowa. Amma a san cewa wannan katanga siririya ce. Manhajojin sassa daban-daban na iya zama a kan inji guda suna amfani da zuciyar tsarin Linux guda, kuma idan ba a rubuta dokar sadarwa ba, kowace manhaja a gungun tana iya magana da kowace. Dokar ma ba ta aiki sai an girka manhajar sadarwar da ke zartar da ita, irin su Calico ko Cilium. Bayanan asibiti da na jarrabawa ba wurinsu ba ne gungun da ɗalibi mai aikin kammala karatu ke gwada manhajarsa. A ba su gungunsu a cikin asusunsu.

A ina injunan za su zauna

Mai aiki a Zariya ba zai yanke wannan hukunci kamar mai aiki a Turai ba. Ajiye injuna a harabar ma'aikata yana nufin janareto biyu da man dizal da batura da na'urar sanyaya ɗaki da za ta jure zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu, da ma'aikacin da zai tashi cikin dare idan wani abu ya tsaya. Hayar girgijen manyan kamfanoni kuwa tana kawar da wannan duka, amma farashinta da dala ake lissafa shi, kuma duk wanda ya riƙe kasafi tun bayan da aka saki darajar naira a Yunin 2023 ya san abin da hakan ke nufi. Manyan cibiyoyinsu a nahiyar nan suna Afirka ta Kudu: Microsoft ya buɗe nasa a 2019, AWS ya buɗe a Kef Tawun a 2020, Google kuma a Johannasbag a 2024. Kasancewarsu a Afirka ba ya nufin sun fi saurin amsawa, domin wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas da yawansu Turai suka nufa, saboda haka a auna daga harabar kanta, da layin da ake da shi, tsakanin Landan da Faranfot da Kef Tawun kafin a zaɓa. A tuna kuma da Maris na 2024, lokacin da wayoyi da dama suka lalace a tekun Afirka ta Yamma intanet ya yi rauni a ƙasashe masu yawa. Aikin da ba zai yiwu ya tsaya ba ko na yini ɗaya, kamar rajistar marasa lafiya, ya cancanci ya kasance yana da ƙafa a cikin gida ko a wata cibiyar ajiyar bayanai ta cikin Najeriya.

Doka ma na da ta cewa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje, ta kafa hukumar da ke sa ido, kuma ta wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka sami ɓarakar da ke iya cutar da masu bayanan. Ma'aikatar ce ke ɗaukar wannan nauyi a gaban doka, ko da sashe ɗaya ne ya yi sakaci, kuma wannan kaɗai hujja ce ta kafa iyakokin daga sama. A shigo da lauyan ma'aikata da jami'in kare bayanai tun a wannan mataki. Ga mafi yawan cibiyoyi, haɗa hanyoyin biyu ne zai fi dacewa, kuma duk abin da ke biye yana aiki a kan kowacce.

Ƙofa ɗaya ta shiga

Kada a bar kowane asusu ya ƙirƙiri nasa masu amfani da nasa kalmomin sirri. A sami kundi guda na sunayen ma'aikata da shaidar shigarsu, ko manhajar Entra ID ce ko Keycloak ko wanda ake da shi tun da, a haɗa girgijen da shi, ta yadda mutum zai shiga da shaidarsa ta wurin aiki kuma a ba shi izini na 'yan sa'o'i wanda ke mutuwa da kansa. Izini kuma ga rukuni ake ba da shi, mutum ya samu ta hanyar zama ɗan rukunin. Matsayi uku ga kowane ɗan haya sun isa a farko: mai gudanarwa, mai gina aiki, da mai dubawa kawai, wanda shi ne ya dace da masu binciken kuɗi da shugabannin da ke son ganin rahoto. Tabbatar da shaida ta mataki biyu wajibi ne ga kowa, kuma manhajar waya mai fitar da lamba shida duk bayan daƙiƙa 30 ta fi saƙon tes, domin tana aiki ko babu sabis, kuma wanda ya yi wa layin mutum sabon sim ba zai same ta ba.

Kowane asusu na AWS yana da babban mai shi wanda ke da cikakken iko, kuma ana ɗaure shi da adireshin imel. Adireshin nan ya zama na ma'aikata wanda mutum fiye da ɗaya ke karɓar saƙonsa. Idan na wani ma'aikaci ne na kansa, ranar da ya tafi ƙarin karatu ko ya yi ritaya ikon ya tafi tare da shi. A kare wannan shaida da makullin ƙarfe na tsaro, a ajiye makullin a sef, kalmar sirrin a hannun wani jami'i daban, kuma a sa ƙararrawa ta sanar da mutane da dama duk lokacin da aka yi amfani da ita. Wani abu da ya keɓanci wurarenmu shi ne yawan masu wucewa: 'yan hidimar ƙasa na shekara guda, ɗaliban da ke aikin sanin makama na 'yan watanni, da 'yan kwangila. Sau da yawa su ne mafi ƙwazo a ofis, kuma ya dace a ba su damar koyo, amma a rubuta ranar ƙarewar izininsu a ranar da aka buɗe shi, domin babu mai tunawa ya rufe bayan an yi walimar bankwana.

A saman wannan sai dokokin hani na bai ɗaya, waɗanda ko mai gudanarwar sashe ba zai iya ƙetarewa ba. AWS na kiran su Service Control Policies, Azure na da Azure Policy, Google na da dokokin ƙungiya. Na AWS ba sa ba kowa izini, iyakar abin da izini zai iya kaiwa kawai suke yankewa. Waɗanda suka kamata a fara da su kaɗan ne: kada a kunna komai a wajen yankunan duniya da aka amince a ajiye injuna a cikinsu, kada a kashe na'urar da ke rubuta abin da aka aikata, kada a buɗe ma'ajiya ga duniya sai da izini na musamman, kada a ajiye bayanai ba tare da ɓoye su da makulli ba, kuma kada a ɗauki injuna masu tsada na sarrafa hoto da ƙirƙirarriyar basira sai a asusun da aka ware musu. A gwada kowace doka a rukunin gwaji na mako ɗaya ko biyu, domin doka guda da aka rubuta ba daidai ba na iya tsayar da sassa duka a lokaci ɗaya.

Rabon adireshi da hanyoyi

Tun ran gini ran zane: rabon adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a hanyar sadarwa, aiki ne na takarda da ake gamawa cikin yini guda, amma idan aka tsallake shi gyaransa na cin watanni. Idan aka bar kowane sashe ya zaɓa, kusan kowa zai karɓi abin da na'ura ta ba shi, kuma hanyoyi biyu masu adireshi iri ɗaya ba sa haɗuwa kai tsaye. Babban filin adireshin cikin gida shi ne 10.0.0.0/8, wanda ke ɗauke da yankuna 256 masu girman /16, kowanne da adireshi 65,536. A fara da binciko abin da harabar ke amfani da shi a yanzu, har da na rassan nesa da na gidajen kwanan ɗalibai, sannan a ware wa girgijen yanki guda da bai taɓa su ba. Daga ciki a yanka wa ƙaramin ɗan haya /22, wato adireshi 1,024, babba kuma /20, wato 4,096, a bar sarari a gefen kowanne saboda gaba, a rubuta komai a rajistar nan guda. Wanda ke gina nasa girgijen ya lura cewa a dabarun raba hanyar sadarwa guda zuwa keɓaɓɓun hanyoyi, VLAN ba ta wuce hanyoyi 4,094, VXLAN kuwa tana kai kimanin miliyan 16, kuma Neutron, ɓangaren sadarwa na OpenStack, yana iya aiki da kowacce.

Hanyoyin 'yan haya kada a ɗinke su da juna ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta haɗu da cibiya guda da ke asusun sadarwa, inda katangar tsaro da mahaɗar harabar ma'aikata da mafitar intanet suke. Ƙa'idar farko ita ce babu ɗan hayan da ke ganin wani. Idan shafin rajistar ɗalibai na buƙatar tambayar ofishin kuɗi ko an biya kuɗin makaranta, a buɗe ƙofa ɗaya tak zuwa manhajar da ke ba da wannan amsa, tare da amincewar masu alhakin ɓangarorin biyu a rubuce. Mahaɗar harabar kuma ta bi ta kamfanoni biyu da wayoyinsu ba su bi titi ɗaya ba, domin aikin hanya ko haƙa kwalbati na iya yanke duk wayoyin da ke rami guda.

Kaso da kuɗi

A girgijen da ma'aikata ta gina da kanta, injuna ƙidayayyu ne, kuma mai bincike ɗaya da ya kunna babban lissafi a makon rajista zai iya sa shafin ɗalibai ya riƙa jan ƙafa. Maganin shi ne kaso: adadin ƙwaƙwalwa da ma'ajiya da ƙarfin sarrafawa da kowane ɗan haya ba zai wuce ba. OpenStack na da kaso ga kowane aiki, Kubernetes na da ResourceQuota da LimitRange. A fara da kaso matsakaici, a sauƙaƙa neman ƙari, kuma a ajiye rarar da ba ta kowa ba saboda lokutan cunkoso da kowa ya san zuwansu, wato rajista da fitowar sakamako da ƙarshen wata.

A girgijen haya kuwa injuna ba sa ƙarewa, kuɗi ne ke ƙarewa. Raba asusai ya riga ya warware rabin matsalar tunda kowane ɗan haya lissafinsa na fita daban. Sauran rabin na laƙabi ne: kowane inji da kowace ma'ajiya su ɗauki sunan mai alhaki, lambar kasafi, da ko na gwaji ne ko na gaske, kuma doka ta hana ƙirƙirar abin da ba shi da su. A sa ƙararrawar kasafi a kashi 50 da 80 da 100, ta je wa shugaban sashen da akawunsa tare da ma'aikatan fasaha. A fahimtar da kowa cewa ƙararrawar sanarwa ce kawai, ba ta kashe komai da kanta sai an tsara hakan, kuma lissafin kan makara da wasu sa'o'i. A asusan gwaji ana iya sa ta tsayar da injuna, amma a na gaske hukuncin mutum ake buƙata. Akwai kuma ragi mai sauƙi da ake mantawa: mako na da sa'o'i 168, injin gwajin da ke aiki sa'o'i 10 a kwanakin aiki biyar kuwa 50 kawai yake ci, ƙasa da sulusi.

Abin da ke haddasa gardama shi ne kuɗin tarayya, wato na katangar tsaro da mahaɗa da tara bayanai, da kuɗin fitar da bayanai daga girgije wanda kamfanonin ke caja bisa yawan abin da ya fita. A amince da hanyar rabonsu a rubuce tun farko, ko ma'aikata ta ɗauke su daga babban kasafi ko a raba gwargwadon abin da kowa ya ci. Na fi son a shafe zangon farko ana nuna wa kowane sashe lissafinsa duk wata, da dala da kuma naira bisa canjin ranar biya, ba tare da an cire masa ko kwabo ba. Shugaban da ya ga adadin da idonsa yakan sa a kashe abin da ba a amfani da shi tun kafin a tilasta masa, kuma idan aka zo fara cirewa ba zai ce an yi masa ba-zata ba.

Shaida, kwafi, da karɓar sabon ɗan haya

Duk abin da aka aikata a kowane asusu ya riƙa kwarara zuwa asusun tara bayanai, inda ba mai iya gogewa ko sauyawa, har da ma'aikatan fasahar da suka gina tsarin. Tarihin da AWS ke nunawa kyauta na kwana 90 ne kawai, alhali ɓarakar bayanai ko zargin sauya sakamako kan fito fili bayan an daɗe, don haka a tsara ajiya ta shekara guda ko fiye bisa shawarar lauya. Kowane ɗan haya ya iya karanta nasa tarihin ban da na wasu. Kwafin ajiya shi ma ya zauna a asusun da mai gudanarwar sashe ba shi da ikon gogewa, domin wanda ya sace shaidarsa kwafin zai fara nema ya lalata kafin ya nemi kuɗin fansa. Masu tsananin sirri kowanne ya sami makullin ɓoye bayanansa daban. Sau ɗaya a kowane zango a ɗauki kwafin wani sashe a maido da shi a wuri na gwaji, a auna tsawon lokacin da ya ɗauka, a sanar da mai alhakin adadin sa'o'in.

Duk waɗannan matakai a rubuta su a matsayin umarnin na'ura da manhajar Terraform ko OpenTofu, a ajiye a Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin duk sauyin da aka yi, kowane sauyi mutum na biyu ya duba shi kafin ya hau. Manufar ita ce sabon ɗan haya ya cike takarda guda, shugabansa ya sa hannu, washegari ya sami asusansa biyu da adireshinsa da rukunoninsa da ƙararrawarsa a shirye. Wannan sauri wani ɓangare ne na tsaro, domin malamin da aka sa ya jira wata biyu zai buɗe asusu da katin bankinsa ya zuba bayanan ɗalibai a ciki, kuma ma'aikata ba za ta san da shi ba. Tare da asusun a miƙa masa yarjejeniya mai shafi ɗaya da ke fayyace rabon aiki: ƙungiyar girgije na riƙe da shiga da hanyoyi da dokoki da kwafi, sashe kuma na riƙe da manhajarsa da sabunta ta da sanin wanda ya ba izini.

A fara da 'yan haya biyu masu sauƙin hali, kamar ɗakin karatu da wani aikin bincike, sannan a zaunar da ma'aikacin ɗayan da izininsa na gaske a ce ya yi iya ƙoƙarinsa ya ga ma'ajiyar ɗayan, ya isa injinsa, ya kashe rubuta tarihi, ya kunna inji a yankin da aka hana. Duk abin da ya yi nasara a kai a toshe shi a cikin umarnin na'urar domin gyaran ya shafi kowa, a maimaita gwajin duk lokacin da aka sauya wata babbar doka. Ofishin kuɗi da na jarrabawa su shigo bayan an yi wannan, kuma a guji yin ƙaurarsu a tsakiyar zangon karatu.

Hanyar fita ma a gwada ta tun da wuri, tunda ayyukan bincike na ƙarewa kuma sassa na haɗewa. Idan wa'adin ɗan haya ya cika, a mayar da asusunsa rukunin dakatarwa inda ba a iya kunna sabon abu, a kashe injunan, a miƙa wa mai alhakin kwafin bayanansa ya sa hannu cewa ya karɓa kuma ya buɗe ya gani. A jira wata guda ko wani zai yi kukan cewa aikinsa ya dogara da abin da aka kashe, sannan a rufe. Google na ba da kwana 30 kafin ya goge aikin da aka rufe gaba ɗaya, AWS kuma kwana 90 ga asusu, kuma bayan nan babu maidowa. Daga ƙarshe a soke rukunoninsa a kundin ma'aikata, a rufe ƙofofin da aka buɗe masa a katangar tsaro, a mayar da yankin adireshinsa cikin rajista da alamar kada a sake ba wani shi sai bayan wata shida.